Tambayoyin lojik na jarabawar LSAT sun hana ni sakat, wa ya taɓa yi?

Yar_Rikkos

Assalamu alaikum yan uwa. Dan Allah ina neman wanda ya taɓa zana jarabawar LSAT, ta neman shiga karatun lauya a Amurka, ko yake kan shiri yanzu, dan ni kam abin ya fara fin ƙarfina. Na yi digiri a kimiyyar siyasa, na gama bautar ƙasa bara, yanzu ina koyarwa a wata firamare mai zaman kanta nan Jos kafin Allah ya kawo wani abu. Yayana da ke Amurka ne ya matsa wai in nemi karatun lauya a can tunda dama tun ina ƙarama bakina baya mutuwa, yace in maki yayi kyau akwai makarantun da ke rage kuɗi sosai. Na yarda, na buɗe akawun a LawHub, shafin gwaji na masu shirya jarabawar, na fara gwaji, yau wata uku kenan.

Sashen karatu da fahimta ba laifi ina taɓukawa. Amma sashen lojik ɗin nan da za a baka ɗan zance layi huɗu ko biyar sai a ce me zai raunana shi, me zai ƙarfafa shi, ina mai maganar yayi kuskure, nan nake shan kashi. Cikin tambaya 25 ina cin 13, ran da akayi sa'a 15, kuma wata ukun nan ba gaba ba baya. Abinda yafi ƙona min rai kusan kullum sai na zubar da amsa uku saura biyu sannan in ɗauki wadda ba ita ba, kullum fa, har na fara dabarar in na zaɓa sai in canza zuwa ɗayar, ranar kuma sai ya zamana ta farkon ce daidai.

Ga irin wadda ta kada ni jiya, na maida ita Hausa na canza labarin zuwa namu na gida amma ginin tambayar shine dai:

Shugaban yan gwari yace, bara an gina ɗakin sanyi na ajiye kaya a kasuwarmu. Bana tumatirin da ke ruɓewa a zubar ya ragu da rabi. Saboda haka ɗakin sanyin ne ya rage mana asara.

Tambaya: wanne ne dole maganar shugaban ta dogara a kansa?

Biyun da suka rage min:

B. Duk masu tumatir na kasuwar suna ajiye kayansu a ɗakin sanyin.

D. Aƙalla wasu daga cikin masu tumatir sun ajiye kaya a ɗakin sanyin.

Na ɗauki B dan ita tafi ƙarfi, in kowa yana ajiya a ciki ai magana ta zauna daram. Wai D ce. D ɗin da ko nauyin kirki bata da shi! Na karanta bayanin sau uku ban gamsu ba.

Sai matsalar lokaci, minti 35 baya isa ta, ina kaiwa ta 19 ko 20 agogo ya buga. Bayan isha'i nake zama in gida yayi shiru, ga sanyin Jos da yatsa baya iya riƙe biro, ga ɗauke wuta, batirin laftop ɗin kuma awa ɗaya ne ƙarfinsa. Akwai wani mai tsofaffin littattafai wajen Terminus da yace yana da manya guda uku na LSAT, in saya ko in bar kuɗina? Nagode.

Barista_Kubwa

Wa alaikumus salam. Ƙanwata kafin a shiga rigimar B da D ni tambayata ɗaya ce, a ina kike son yin aikin lauyan? Dan naga yara da yawa suna zuba kuɗi a abinda ba shi suke buƙata ba. In a Najeriya ne ba ruwanki da LSAT ko kaɗan. Hanyarmu anan digirin LLB ne, shekara 5 ga wanda ya shigo ta JAMB, ke da kike da digiri kina iya neman shiga aji biyu kai tsaye kiyi 4, ga tsangayar shari'a nan a Jami'ar Jos a ƙofar gidanku. Daga nan sai makarantar horas da lauyoyi, hedkwatarta na nan Bwari kusa damu, akwai rassa a Legas da Inugu da Bagauda ta Kano da Yola da Yenagoa da Fatakwal, ki ci jarabawa a ɗora miki hular nan ta gashi shikenan. Babu inda za a tambaye ki LSAT a duk tafiyar.

LSAT ta Amurka da Kanada ce, ga mai son digirin JD na shekara 3, wanda a Amurka sai da digirin farko ake ɗaukar mutum. Wanda ya riga yayi LLB anan yana son ƙari LLM yake nema, shekara ɗaya, kuma yawanci ba a neman LSAT a wajensa. Ingila tasu daban ce, LNAT, wadda irinsu Oxford da Cambridge ke nema. Sannan ki sani in kika karanta a waje kika dawo gida sai kin biyo ta Bwari, ki fara da kashi na ɗaya na masu digirin waje kafin ki haɗu da sauran jama'a. Ba gwiwa nake kashe miki ba, so nake ke da yayan naki ku zauna ku yi lissafin nan tun yanzu.

Ita kuwa tambayar taki, wallahi nima B zan ɗauka hhhh, kuma shekara 9 ina shiga kotu. Bari masu abin su zo.

Baban_Ilham

Barista ai ba kai kaɗai bane, B ɗin nan dama dan irinku aka ajiye ta, masu son hujja mai nauyi.

Yar uwa na zana sau biyu, na farko na samu 151 na biyu 164, kuma abinda ya ɗaga ni shine gane wannan abin da ya kada ki jiya. Akwai tambayoyi biyu masu kama da juna kamar Hassan da Hussaini amma halinsu ba ɗaya ba. Ɗaya tana cewa wanne ne in aka ƙara shi magana ta tabbata gaba ɗaya, anan amsa mai ƙarfi ake nema. Ɗayar tana cewa wanne ne dole sai da shi, wato ginshiƙin da mai magana ya jingina dashi bai faɗa ba. Taki ta biyun ce. Anan ba a tambayar wanne yafi taimakon shugaban, ana tambayar wanne ne in aka zare shi rumfar zata faɗi.

To ga gwajin, ki ƙaryata kowace amsa ki gani. Ƙaryata B: ba duka ne ke ajiya a ɗakin ba. A ce masu tumatir 100 ne, 80 suna ajiya 20 sun ƙi dan basa son biyan kuɗin. Maganar shugaba ta mutu? Ko gezau, mutum 80 sun isa su rage asara da rabi. Kenan B ba dole bace. Yanzu ƙaryata D: babu ko mutum ɗaya da ya ajiye tumatir a ciki, ɗakin na nan da kwaɗo tun ranar da aka yanke kyalle aka yi hoto. To ta yaya ɗakin da ko kwando ɗaya bai shiga ba zai hana tumatir ruɓewa? Magana ta rushe. Wadda ƙaryata ta ke kashe magana ita ce amsa. Shi yasa a irin wannan tambayar amsar daidai sau da yawa ƴar shiru-shiru ce mai "aƙalla wasu", masu "duka" da "kullum" da "babu ko ɗaya" kuwa sai kin yi musu kallo biyu.

Ki kula wajen ƙaryatawar, nan ma mutane ke zamewa. Kishiyar "duka" ita ce "ba duka ba", ba "babu ko ɗaya" ba. In kika juya B zuwa babu wanda ke ajiya to zata yi miki kamar ita ma tana kashe maganar, sai ki dawo gidan jiya.

Wani abin kuma, B ɗin ma da kike gani da ƙarfi bata rufe ƙofa ba. A ce kowa yana ajiya a ɗakin, amma bana tsutsa ta cinye gonaki irin yadda akayi a 2016 da kwandon tumatir ya gagari mutane, kayan da ke shigowa kasuwa ya ragu da rabi. Dole wanda ke ruɓewa ya ragu ko da ɗaki ko babu. Da tambayar raunanawa aka yi miki irin wannan zaki nema. Shugaban yaga abu biyu sun biyo juna sai yace na farko ne ya haifi na biyu, wannan kuskuren zaki gamu dashi a jarabawar har ki gaji da ganinsa.

Maganar yadda ake gwaji. Ni shawarata ki ajiye agogo tukuna kamar sati uku ko huɗu. Wanda bai iya tuƙi ba ba gudu ake koya masa ba. Kowace tambaya ki fara nemo matsayar mai magana, abinda yake so ki yarda dashi, ki ja mata layi, sauran duk dalilai ne ko shara. Wani lokacin matsayar tana farko ko a tsakiya, ba kullum take zuwa bayan "saboda haka" ba. Sai ki tambayi kanki tsakanin dalilin da matsayar ina ramin yake, ki faɗa da bakinki kafin ki kalli amsoshi biyar ɗin, dan in kika shige su hannu rabbana zasu juya ki yadda suke so. In kin gama sashe kar ki yi saurin duba amsa, ki sake bin duk wadda kika yi shakka a kanta a nitse ki ga ko zaki canza, sannan ki duba. Ki samu littafin rubutu na 60 ɗin nan na ɗalibanki, duk wadda kika faɗi ki rubuta abu biyu, me ya ja ni zuwa wadda na zaɓa, me ya kore ni daga ta daidai. Nawa da na cika shafi 30 sai naga ashe kuskure uku ne nake ta maimaitawa da riga daban daban. Tambaya 10 da aka yi wa haka tafi 50 da aka yi a guje aka duba maki aka ja tsaki aka rufe laftop.

In kin dawo kan agogo, minti 35 a raba wa tambaya 25 minti ɗaya da sakan 24 kenan kowace, amma ba haka ake rabon ba, goman farko yawanci sun fi sauƙi, a can ake tara lokacin da za a kashe a na gaba. Masu tsawon nan da ake cewa nemo zancen da gininsa yayi kama da wannan, ki tsallake ki dawo in da saura. Kuma ba a rage maki dan an faɗi tambaya, kar ki bar ko ɗaya babu amsa.

Injiniya_Bukuru

Ki sayi littattafan kawai ki dage da sashen wasan lojik ɗin nan, na jera mutane a kujeru, wane baya zama kusa da wane, wance sai ranar Talata. Abokina da yayi a 2019 a nan ya kwashe maki dan shi ana iya cinye shi duka in an iya zana tebur. Sauran duk surutu ne.

Baban_Ilham

Injiniya labarinka ya kwana biyu. An cire wannan sashen tun watan Agustan 2024, asalinsa ma ƙara ce da wasu makafi suka kai cewa sashen sai da zane ake iya shi, aka yi sulhu da hukumar LSAC mai shirya jarabawar a 2019. Yanzu sashe huɗu ne kowanne minti 35, biyu na lojik irin wanda take kuka dashi, ɗaya na karatu da fahimta, sai ɗaya na gwaji da ba a lissafa shi kuma ba za a gaya miki wanne bane. Kenan wajen kashi biyu cikin uku na makin daga abinda ke bata wahala yake fitowa, ba wajen gudu. Makin daga 120 zuwa 180 ne.

Littattafan Terminus in da araha ki saya, tambayoyin lojik na ciki har gobe suna da amfani in na ainihin tsofaffin jarabawa ne, ki tsallake babin wasan kawai. Ki duba kuma kar wani ya riga ya zagaye amsoshin da biro. Amma ki fara cinye na kyauta da ke LawHub tunda a kwamfuta za a yi jarabawar, gara ido ya saba.

Almajirin_Zaure

Salamu alaikum. Ni ban san LSAT ba, yau na fara jin sunanta, yarona ne ya miƙo min waya yace Baba ga irin abinda kake damunmu dashi. Da na karanta bayanin Baban Ilham sai da nayi dariya, domin wannan karatu mun sha shi a zaure nan Anguwan Rogo tun gemu bai fito ba.

Ƴata, malaman usulu sun ce sharaɗi shi ne abinda in babu shi to babu abin, amma samuwarsa bata wajabta samuwar abin. Tsarki sharaɗi ne na sallah. Wanda ba shi da tsarki ba shi da sallah. Amma don kin ga mutum da alwala ba za ki rantse yayi sallah ba, wataƙila Alƙur'ani zai ɗauka, wataƙila ma zai zauna ne har ta warware. To D ɗinki ita ce alwalar. Ba ita ce sallar ba, bata isa komai ita kaɗai ba, amma in babu ita an gama magana.

Ɗaya ɓangaren kuma, barci mai nauyi ya isa ya warware alwala. Ya isa, amma ba dole sai shi ba, akwai wasu abubuwan da ke warwarewa. Wanda yayi barci mai nauyi alwalarsa ta tafi, wannan daidai. Wanda alwalarsa ke nan to bai yi barci mai nauyi ba, wannan ma daidai. Amma kice alwalarsa ta warware saboda haka barci yayi, kin yi masa ƙage. Ko kice bai yi barci ba saboda haka alwalarsa na nan, kin ba shi fatawar da zata kai shi ta baro. Ƙofa huɗu ce, biyu a buɗe biyu a rufe, haka muka karanta a Sullamu na Shehu Abdurrahman Al'ahdari, mai littafin Ahalari ɗin nan da kowane yaro ya fara fiƙihu dashi, mutumin Aljeriya ne, yana da shekara 21 ya tsara waƙen nan na manɗiƙi.

In Larabci yayi nisa ga namu na gida. Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Audu ya ci zomo, to yayi gudu. Audu bai yi gudu ba, to bai ci zomo ba. Amma Audu yayi gudu fa? Wataƙila kare ne ya biyo shi. Audu bai ci zomo ba, sai a ce bai yi gudu ba? Ina, ƙila ya sha gudu har ya faɗi zomon ya shige rami. Sannan a ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ki lura da "sai da" ɗin nan. Ba a ce duk mai ruwan ciki zai ja na rijiya ba, ƙila guga ba shi da ita. Bahaushe ya raba abin nan tuntuni, "kowa ya" da "da zarar" gefe guda, "sai da" gefe guda, kuma ba ki taɓa rikita su a kasuwa ba. In mai mota yace miki ba a shiga sai da kuɗi, kin san bai yi miki alkawarin kujera ba. Allah ya bada sa'a, ya sa a yi amfani da karatun wajen tsayar da gaskiya.

Injiniya_Bukuru

Allah gafarta Malam ai yanzu ana kiwon zomo a keji, ka sayi abinka ka yanka ba gudu ba haki.

Baban_Ilham

Hhhh Injiniya kaga wannan da ka yi shine tarko na biyu mafi girma a jarabawar. In sun ce kowa ya ci zomo ya ci gudu to a cikin wannan tambayar haka duniya take, ba a nemi ka yi musu da dalilin ba, ana so ka duba ko matsayar ta fito daga cikinsa. Mu da muka saba musun majalisa wannan yana mana wuya, da an faɗi abu sai mu ce ai ba haka bane a garinmu.

Yar_Rikkos

Amin Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Wallahi misalin alwalar nan ya shige ni fiye da duk bidiyon da na ƙona data a kansu, kuma abin kunya mun yi wannan a islamiyya na haddace na wuce ban san zai biyo ni har nan ba. Barista nagode, mun yi waya da Yaya, can ɗin dai yake so in zauna in yi aiki, amma na gaya masa zan sayi fom ɗin nan gida ma kar a yi biyu babu.

Yaya Baban Ilham na gwada ƙaryatawar a tambaya 8 daren jiya na ci 6. Biyun da na faɗi duk masu "unless" ne, da naga kalmar nan kaina ke ɗaurewa in rasa wanne ke gaba wanne ke baya. Kuma akwai wadda aka ce "some" na ɗauka ana nufin ba duka ba, ashe wai ba haka bane?

Baban_Ilham

Ai Malam ya riga ya baki makullin. Duk inda kika ga "unless" ko "only if" ki maida jimlar Hausa a ranki da "ba ... sai". Ba a shiga ɗakin jarabawa sai da katin shaida. Abinda ya biyo bayan "sai" shine alwalar, shine dole. Daga nan abu biyu kawai kika sani, wanda ya shiga yana da kati, wanda ba shi da kati bai shiga ba. Mai kati kuwa ƙila ya makara an rufe ƙofa. Ni har a ranar jarabawa da Hausa nake wannan juyin a kaina kuma yafi min alamomin kibiya da ake koyarwa sauri.

"Some" kuma a wajensu aƙalla ɗaya ne, kuma yana iya kaiwa har duka. Mu in aka ce wasu sun zo kunnenmu yana jin wasu basu zo ba kenan, su basu ce haka ba. "Most" kuma fiye da rabi ne ko da da mutum ɗaya, shima yana iya zama duka. Ga aikin gida: mafi yawan yan kasuwar gwari suna adashi, mafi yawansu kuma suna da babbar waya. Me ya zama dole?

Anti_Lugbe

Ni ma shiri nake, wata na bakwai kenan, ina yi a mota tsakanin Lugbe da sakatariya in go-sulo ya riƙe mu. Na yarda da duk abinda Baban Ilham ya faɗa banda ajiye agogo har wata guda. Ni nayi hakan, naji daɗi ina cin 22 ina ganin na iso, ranar da na kunna agogo na dawo 14 kamar ban taɓa karatu ba, dan zuciya ce ke bugawa ba kai ba. Ki yi na nitsuwar kwana biyar ko shida amma ki ware rana ɗaya a sati, Asabar da safe misali kafin hayaniya, kiyi sashe guda da agogo ko makin zai baki haushi.

Sannan a faɗi gaskiya, wani abin ba lojik bane turanci ne. Jimlolinsu dogaye ne masu kore biyu a ciki, irin ba za a ce bai yiwu ba ɗin nan, kafin ki warware minti ya tafi. Mu da muka yi makarantar gwamnati sai mun ƙara da karatun rubutu mai nauyi kullum ko shafi biyu ne, sharhin jarida ko hukuncin kotu, kina karantawa kina tambayar kanki me mutumin nan yake so in yarda dashi kuma da wane dalili.

Kar kiyi rajista sai makin gwajinki ya kai inda kike so sau uku a jere. Kuɗin ya haura dala 200, ki buga da canjin yau ki gani, kuma sau 5 kawai ake yarda mutum ya zana cikin shekara biyar, sau 7 a duk rayuwa. Manyan makarantu irinsu Harvard da Yale tsakiyar makin ɗalibansu ya haura 170, amma akwai makarantu masu kyau da yawa da basu kai nan ba, ki duba na kowace a shafinta. Mu masu digirin waje LSAC bata maida sakamakonmu lamba irin tasu, daraja kawai ake ba shi, shi yasa makin jarabawar nan yake da nauyi a kanmu sosai. Akwai kuma rubutun insha'i da ake yi daban, ba maki amma ana tura wa makarantu, kar ki manta dashi.

Abu na ƙarshe ki fara bin takardar sakamakonki tun yau, dan jami'a ce zata tura musu kai tsaye ba ke ba. Tawa wata biyar ina sintiri, yau mai sa hannu yayi tafiya gobe fayil ya ɓata, sai da na je da kaina na zauna a benci kwana uku. In kina so mu dinga yin sashe ɗaya tare ta WhatsApp ranar Asabar mu yi musu a kan amsoshin ki min magana ta inbos.

Yar_Rikkos

Anti na turo miki saƙo, Asabar ɗin tayi min in dai bayan takwas ne na gama wanki.

Yaya aikin gida: dole akwai wanda yake adashi kuma yana da babbar waya. Da farko na rubuta mafi yawan masu adashi suna da babbar waya sai na tsaya nace bari in ƙirga. Yan kasuwa 100, masu adashi 51, masu waya 51, in aka haɗa 102 kenan a kasuwar mutum 100, dole aƙalla biyu su shiga layi biyun. Amma biyun nan kaɗai ma ya isa maganar ta zama gaskiya, 2 cikin 51 kuwa ba mafi yawa bane, sai na goge ta farkon.

Baban_Ilham

Haka ne. Yanzu ki canza ta biyun zuwa wasunsu suna da babbar waya ki sake ƙirgawa.

Yar_Rikkos

Toh in wasu ne ai ƙila mutum ɗaya ne tak, kuma yana iya kasancewa cikin 49 ɗin da basa adashi, kenan babu abinda ya zama dole. An ɗauke wuta batir saura 6, sauran tambayoyin "unless" ɗin sai gobe in na dawo daga makaranta.